Motar da ke Barci Wata Biyar

A Jamus akwai wata irin lambar mota mai ƙananan alƙaluma biyu a gefen dama, ɗaya bisa ɗaya: 04 a sama, 10 a ƙasa. Motar da ke ɗauke da ita tana da izinin hawa titi daga farkon Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba. Da Nuwamba ta kama, ko ajiye ta a bakin titi laifi ne, balle tuƙi. Tun 1997 ake ba da wannan lamba, kuma haraji da inshorar watannin da aka rubuta kaɗai ake biya.

Wani dattijo maƙwabcina a wajen Stuttgart yana da ita a jikin Porsche 911 ɗinsa, samfurin 993, wato na ƙarshe da iska ke sanyaya injinsa, wanda aka daina ƙerawa a 1998. Ba sanyin yake tsoro ba. Gishirin da ake watsawa a titi don narkar da ƙanƙara shi ne abokin gaba, yana maƙalewa a ƙarƙashin mota ya haifi tsatsa. Saboda haka a makon ƙarshe na Oktoba zai wanke ta sama da ƙasa, ya juye baƙin mai, ya cika tanki fal don kada raɓa ta taru a ciki. Zai ƙara wa tayoyi iska fiye da ƙima, kada su lotsa inda suka taɓa ƙasa. Ba ya jan birkin hannu, don yakan kame, sai ya sa waigi. Batir kuwa a jona shi da ƙaramar caja, salansa a toshe ta saboda ɓera, sannan a lulluɓe da mayafin da iska ke ratsawa.

Duk Bahaushen da ya ziyarce ni ya ga wannan hidima, abu ɗaya yake faɗa: son duniya ke nan, mutum ya zama bawan ƙarfe. Ni dai ban gamsu ba. Mu da muke kiwon dokin hawan sallah shekara guda cur, ingirici da dusa da kanwa, ga ɗan barga, don a hau shi 'yan kwanaki, ba mu ne za mu yi wa wani gorin wannan ba.

Kuma Alƙur'ani bai ɓoye wannan so ba. Suratu Ali Imrana ta lissafa dawakai masu kyau cikin abin da aka ƙawata wa ɗan Adam, tare da zinariya da azurfa da gonaki. A Suratu Sad an kawo labarin Annabi Sulaimanu (AS) da ingarmun da aka gitta masa da yamma. Masu tafsiri sun rabu. Da yawa sun ce dawakan sun shagaltar da shi har lokacin salla ya fita, sai ya yanka su. Imamu Ɗabari ya fi karkata ga cewa shafa wuyansu da ƙafafunsu ya yi saboda ƙauna, domin annabi ba zai hukunta dabba a kan laifin da ba nata ba. Ko wanne ka ɗauka, ba a zargi kyawun dokin ba. Abin da ake aunawa shi ne me ya hana ka yi.

To me motar dattijon nan ta hana shi? Wata biyar ba ya ko tayar da ita, domin tayar da inji na 'yan mintoci ba tare da ya yi zafi sosai ba yakan tara ruwa a mai da salansa. Yana shiga jirgin ƙasa kamar kowa. Mutumin da zai iya rufe ƙofa a kan abin da ya fi so, ya bar shi har Afrilu, a ganina shi ke riƙe da linzami. Na san masu tsoron Allah da ba sa iya rabuwa da waya tsakanin magariba da lisha.

Wanda nake shakka a kansa wani ne daban: mai ajiyar da ba ta da Afrilu. Yana sayen motar ya kulle ta rani da damina, don kada kilomita ta hau farashi ya sauka. Wannan ya hana kansa daɗinta, ya hana injin aikin da aka ƙera shi dominsa, har robobi su bushe mai ya fara ɗiga. Fiƙihunmu na Malikiyya ya daɗe da raba mutanen nan biyu. Abin hawan da mutum ya mallaka don amfanin kansa ba zakka a kansa, ko nawa ya kai. Wanda ya saya da niyyar ciniki yana jiran kasuwa ta tashi kuwa, Risala ta Ibn Abi Zaidin Ƙairawani ta ce ranar da ya sayar zai fitar da zakkar shekara ɗaya, ko da hajar ta shekara goma a rufe. Gareji ɗaya, mayafi ɗaya, amma na biyun talaka yana da rabo a kuɗin motarsa: biyu da rabi cikin ɗari.