Hakkin Ratsawa da Amanar Wanda Ake Bi ta Kansa

Daga cikin mas'alolin da zamani ya zo da su, waɗanda malamanmu na da ba su gan su da ido ba amma suka bar mana ma'aunin da za mu auna su da shi, akwai mas'alar abin da ba a isa gare shi sai an bi ta kan wani. Mai karatu yana iya zaton magana ce ta masu gyaran kwamfuta wadda babu ruwan almajirin fikihu da ita, alhali kuwa duk wanda ya zauna ya yi tadabburi a kanta zai tarar tana komawa ga tambayoyi biyu da suka girmi kowace na'ura, wato shin wajibi ne a kan mutum ya bar wani ya ratsa ta cikin mulkinsa zuwa ga bukatarsa, kuma in ya bari, wane nauyi ne ya hau kansa game da abin da ke ratsawa.

Bari mu fara siffanta al'amarin yadda yake, domin hukunci ba ya inganta sai an san surar abin da ake hukuntawa. A Kwatarkwashi, a gefen hanyar nan da ta taso daga Gusau ta bi ta gindin dutse ta nufi Tsafe da Funtuwa, da kuma wajejen Jami'ar Tarayya ta Gusau wadda aka kafa a 2013 a kan wannan hanya, ba a rasa 'yan shagunan buga takardu, inda za ka ga tsohuwar kwamfuta ta tebur da firinta ɗaure a jikinta da kebul. Ɗalibi ya shigo da tasa kwamfutar ta hannu, mai shago ya ba shi kalmar sirri ta waifai, ya shiga, alama ta nuna masa ya haɗu, sa'an nan ya nemi firintar ya rasa, ga ta kuwa a gabansa, fitilarta a kunne, takarda a bakinta, tsakaninsu bai fi kamu biyu ba. Dalili shi ne firintar ba ta da wata ƙofa tata ta kanta zuwa ga sauran na'urorin shagon, ƙofarta ɗaya ce, ita ce wannan tsohuwar kwamfuta. In ba a umarce ta ta raba ba, ko ta yi barci, ko mai shago ya kashe ta don ya tattala batirin sola, to kusancin wuri ba ya amfana wa ɗalibin kome.

Makamancin wannan yana cikin yadda aka tsara adireshi. Tsarin da aka shimfiɗa wa intanet a 1981 bai ɗauki fiye da adireshi kusan biliyan 4 da miliyan 300 ba, adadin da bai kai na 'yan Adam ba balle na na'urorinsu, saboda haka a 1994 aka keɓe waɗansu lambobi, mafi shahararsu masu farawa da 192.168, aka ce waɗannan na cikin gida ne, kowa ya raba wa na'urorinsa, amma a waje ba a san su ba, sai dai na'urar da ke bakin ƙofa ta yi magana da yawunsu da nata adireshin. Idan kuwa aka sake ɗaura wata na'ura, kamar kyamarar tsaro, a bayan wata kwamfuta, yadda Windows ke yi in an sa ta raba intanet ɗinta, inda takan ɗauki lamba 192.168.137.1 ta rarraba wa na bayanta makamantanta, to an gina gida a cikin gida ke nan. Na can ciki yana iya kira zuwa waje a amsa masa, domin ta tsakiya tana riƙe da lissafin wanda ya aika. Amma na waje ba shi da ikon fara kiransa, ko da kuwa a ɗaki ɗaya suke.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan tsari. Wanda ya zo neman maigida yakan tsaya a zaure, ya samu yaro ya ce masa, shiga ka ce ana sallama. Mutanen cikin gida suna aiken yaron nan kasuwa duk sa'ad da suka so, amma baƙo ba ya wuce zaure, kuma in yaro ya fito ya ce wai ba ya nan, baƙon ba shi da hanyar gane ko maigida ne ya faɗa, ko yaron ne ƙyuya ta hana shi isa. Masu sanin aikin suna da dabarunsu na warware matsalar, ko dai su sanar da na'urar rarraba intanet cewa duk mai neman lambobin can ciki a miƙa shi ga kwamfuta kaza, ko su buɗe ƙofa guda mai lamba sananniya, ko kuma su mayar da ta tsakiyar gada kawai, ta yadda na bayanta zai samu adireshi daidai da na kowa. Amma dukkan dabarun nan sun tsaya a kan sharaɗi ɗaya, shi ne yardar wanda ke tsakiya.

To, shin ana tilasta masa ya yarda? Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa, a littafin hukunce-hukunce, labarin Dahhaku ɗan Halifa, wanda ya janyo magudanar ruwa daga Uraidu kusa da Madina, ya so ya ratsa da ita ta gonar Muhammadu ɗan Maslama, shi kuwa ya ƙi, ko da yake an nuna masa cewa shi ma zai sha daga ruwan kuma babu cutar da za ta same shi. Da magana ta kai ga Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da su baki ɗaya, ya nemi mai gonar ya bari, ya sake ƙi, sai Umar ya yi masa magana mai kaushi, ya umarci Dahhaku ya ratsa da ruwansa. Abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da Ashhabu ya ruwaito daga Malik kansa, cewa shi bai ga a yi hukunci da tilastawar nan a zamaninsa ba, ba don yana ganin Umar ya yi kuskure ba, sai don mutane sun lalace, yana tsoron in zamani ya yi nisa a manta asalin yadda ruwan ya fara bi, mai ruwa ya wayi gari yana da'awar wani yanki na gonar maƙwabcinsa. Umar ya dubi cutar da ke kan wanda aka tare wa hanya, Malik ya dubi cutar da ke jiran wanda ya buɗe ta, dukkansu kuwa a kan ginshiƙi ɗaya suka yi gini, shi ne gusar da cuta.

Tsoron nan na Malik yana da gurbi a mas'alarmu fiye da yadda ake zato. Tun da yake duniyar waje adireshin na tsakiya kaɗai take gani, duk abin da na bayansa ya aikata, ko zamba ce ko barazana ko kai wa ɓarayin daji rahoto, da sunan mai layin za a rubuta shi, kuma ƙofarsa za a fara ƙwanƙwasawa. Saboda haka ba na ganin wajibi ne a kan mai shago, ko mai wayar da ake roƙo ya buɗe data, ya buɗe wa duk wanda ya zo wucewa. Yana da hakkin ya san wanda yake shigarwa, ya kuma ƙayyade masa iyaka. Amma wanda ya riga ya shigar da shi, ya karɓi kuɗinsa ko ya yi masa alkawari, har ya ɗora al'amuransa a kan wannan hanya, da kuma wanda larura ta kawo, kamar mai neman a kira wa mai naƙuda mota cikin dare, waɗannan hukuncin Umar ne ya fi dacewa da su, rufe musu ƙofa ba da uzuri ba kuwa zalunci ne ko da ƙofar mallakarka ce.

Mutanen Zamfara sun ɗanɗani wannan mas'ala a jikinsu. Ranar 3 ga Satumba 2021 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta umarci kamfanonin waya su kashe turakunsu a faɗin jihar, bisa roƙon gwamnatin Bello Matawalle, domin a yanke wa 'yan bindiga hanyar magana da masu tsegunta musu. Da fari mako biyu aka ambata, amma Gusau ba ta samu sabis ba sai farkon Oktoba, sauran wurare kuwa sai ƙarshen Nuwamba. A kwanakin farko mutane suka riƙa hawa mota zuwa Funtuwa don kira ɗaya ko tura kuɗi, ba a jima ba aka rufe ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina har da Funtuwar, tafiya ta ƙara nisa. Sai aka koma ga abin da kakanni suka sani: ka je tasha, ka sami direba, ka ba shi 'yar takarda da lambar waya a samanta da saƙo a ƙasa, a gaya wa wane mahaifiyarsa ta samu sauƙi, ko a gaya wa wance an yi rasuwa, shi kuwa ya cusa ta a aljihu tare da waɗansu, sai ya isa inda waya ke kamawa ya tsaya ya yi ta kira ɗaya bayan ɗaya. A ranakun nan jiha guda ta zama na'urar da ke bayan wata, kuma kowa ya gane cewa muryar ɗansa da yake ji kullum daga Kano ko Legas ba kai tsaye take zuwa ba, ta hannun waɗansu take biyowa, waɗanda ke da ikon tsayar da ita da takarda ɗaya.

Ba na tuhumar niyyar waɗanda suka yanke wannan shawara, domin jinin da ake zubarwa a ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu ba abin wasa ba ne, kuma shari'a ta yarda a ɗauki ƙaramar cuta don tunkuɗe babba. Sai dai fukaha'u sun sharɗanta cewa larura ana auna ta da gwargwadonta, kuma ƙofar da aka rufe wa ɗan bindiga ita ce dai aka rufe wa manomin da ya hango babura suna tahowa yana son ya sanar da ƙauyen gaba. Shugaba a nan shi ne na tsakiya mafi girma, abin da ke hannunsa kuwa ajiya ce ta talakawa. In tilas ta sa ya rufe, ya wajaba ya ambaci wa'adi na gaskiya, ya bar wa asibiti da masu neman ɗauki wata kafa, sa'an nan bayan an buɗe ya fito ya gaya wa jama'a abin da rufewar ta haifar, riba da hasara.

Saura tambaya ta biyu, wadda ta fi ɓoyuwa. Kwamfutar da ake bi ta kanta tana iya ajiye kwafin duk takardar da aka tura a buga, ko takardar asibiti ce ko ta gado, kuma ko da saƙo a kulle yake yadda ba ta iya karanta cikinsa, tana ganin inda ya nufa, da sa'ar da aka aika, da yawansa. Suratul Hujurati ta hana bin diddigin asirin mutane, Suratun Nisa'i ta yi umarni da mayar da amana ga masu ita, kuma ban ga abin da zai fitar da yaron shago daga ƙarƙashin ayoyin nan don kawai asirin ya zo masa a siffar fayil ba. Malaman hadisi, waɗanda suka fi kowa sanin hatsarin karɓar abu ta hannun wani, ba su yarda da mai ruwaya ba sai ya haɗa adalci da kiyayewa, kuma sun ƙyamaci tadlisi, wato ɓoye wani rarrauna da ke cikin isnadi don a zaci sarƙar lafiya lau take. A ƙasarmu ma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tattara isnadansa a littafi, ƙanensa Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta Ida'un Nusuhi yana lissafa shehunan da ya ɗauki ilimi a wurinsu, duk don kada wanda ya zo daga baya ya jahilci ta hannun wa abu ya iso gare shi. Mu kuwa yau muna shiga kowane waifai da muka tarar a buɗe, mu zuba masa lambobin asusunmu, ba mu tambayi ko na wane ne ba.

A mazhabarmu asalin wanda aka ba ajiya shi ne ba ya biyan abin da ya salwanta sai in ya yi ta'addi ko sakaci. Amma Risala ta Ibnu Abi Zaidin ta tabbatar da lamuni a kan masu sana'a game da kayan da suka keɓanta da su, kamar maɗinki da marini, saboda maslahar jama'a, tun da mutane ba su da makawa sai sun kai musu, kuma ba mai ganin abin da ke faruwa bayan an juya baya. A ganina illar nan tana nan cif a kan duk wanda ke karɓar lada don saƙon mutane ya bi ta kansa, tun daga mai shago har zuwa babban kamfani: in asiri ya fita ko kuɗi ya ɓace a hanya, shi ya kamata ya kawo hujjar kuɓutarsa, ba talakan da ba ya ganin cikin na'ura ba. Wanda ya buɗe maka don Allah kuwa, kamar direbobin nan na 2021, hukuncinsa na mai ajiya ne, ba a neman kome a wurinsa sai gaskiya da ƙoƙari.

Wannan ƙiyasi ne na mai nazari, yanke fatawa kuwa na ma'abotanta ne. Don haka nake roƙon malamanmu masu karantar da Muwaɗɗa da Risala a Gusau da Tsafe da Bunguɗu da Kwatarkwashi, idan karatu ya kawo su babin ajiya da lamuni da hakkin maƙwabci, su kirawo samarin nan masu haɗa na'urori su zauna tare, waɗannan su siffanta yadda abin ke aiki, su kuma su fitar da hukuncinsa a rubuce da Hausa, a liƙa shi a shagunan buga takardu da na masu tura kuɗi inda kowa zai karanta.