Makaɗin da Ake Biya Don Ya Jira

A Rediyon Kaduna, idan za a sa waƙa, suna ɗaya mai gabatarwa yake faɗa: ga Alhaji Mamman Shata, ga Musa Ɗanƙwairo. In Ɗanmaraya Jos ne ba a rage kowa ba, don daga shi sai kuntiginsa. Amma kasa kunne ga faifan Shata ka ji mutum nawa ke ciki. Akwai masu kalangu, akwai 'yan amshi da suke tsaye baki a rufe har sai ya kai gaɓa, sannan su faɗo tare kamar da baki ɗaya. Sha'anin waɗannan masu jira shi ne abin lurata.

Gidan rediyon, wanda ke kan titin Yakubu Gowon, ya fara watsa shirye-shirye a 1962, zamanin gwamnatin Sardauna, da sunan BCNN, kafin ya koma ƙarƙashin Rediyon Tarayya a 1978. Makaɗa kan zo masa da ƙungiyarsu a haɗe, a ɗauki kiɗansu, su koma garuruwansu, muryar kuma ta bi gajeren zango har Nijar da Ghana da Kamaru. Gidajen rediyon Turai wata hanya suka bi. A shekarun 1920 faifan garmaho bai wuce ya ɗauki minti huɗu zuwa biyar a gefe ɗaya ba, ga shi da ƙara, alhali kiɗan Turawa na gargajiya guda ɗaya kan ci minti arba'in. Sai suka ɗauki makaɗan aiki kacokan. A 1930 BBC ta kafa ƙungiyarta ta mutum fiye da ɗari a ƙarƙashin Adrian Boult, kowa da albashinsa kamar akawu. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke aka kwashe su daga Landan zuwa Bristol, bom ya bi su can, aka sake mayar da su Bedford a 1941, kiɗa bai tsaya ba.

To me mutum ɗari suke yi a ɗaki ɗaya? Fiye da rabinsu masu goge ne, manya da ƙanana, sai masu busa, sai masu ganguna a can baya. Kafin a fara, mai busa wata sarewa 'yar uwar algaita yakan ja sauti ɗaya, kowa ya daidaita kayansa a kai, daga babba har ƙarami. Da an fara kuma, da yawansu aikinsu ƙirga ne. Akwai wani shahararren kiɗa da Dvorak, mutumin ƙasar Cek, ya rubuta a Amurka a 1893. Mai babban ƙahon tagulla busa goma sha huɗu kawai ke gare shi a ciki, duk a kashi na biyu. Fayafayan ƙarfen nan da ake gwarawa kuwa sau ɗaya tak ake taɓa su, a kashin ƙarshe. Mutum ya yi shekaru yana koyon sana'a, ya sa baƙar kwat, ya zauna ido a kan takarda yana ƙirga kiɗan wasu a zuci. In ya shigo da wuri, ko da ƙiftawar ido ne, ya ɓata aikin mutum casa'in da tara, kuma a rediyo babu kwalliyar da za ta ɗauke hankalin mai sauraro, kunne kaɗai ke alƙalanci. Albashinsa cikakke ne, don an gane cewa jiran ma aiki ne.

Wanda ya san kiɗan fada ba zai yi mamakin wannan ba. Saurari 'yan amshin Ɗanƙwairo. Ba maimaita gindin waƙa kaɗai suke yi ba. Jagora kan ɗauko magana ya sake ta a tsakiya, su tarbe ta su ƙarasa, wani lokaci su yi ƙari, kotso yana tafe a ƙasa ba ya hawa kan murya. Babu takarda a gabansu, babu mai sanda yana nuna musu inda za su shiga, numfashin maigida suke karantawa. Ni a ganina wannan ya fi ƙirga wuya, don mai ƙirga ya san abin da ke tafe, shi kuwa ɗan amshin Shata bai san abin da bakin Shata zai fitar ba, tun da mutumin nan take yake ƙaga baitinsa. Shi kansa Ɗanƙwairo a bayan yayansa Abdu Kurna ya yi shekaru kafin ya ja tasa ƙungiyar, wato sai da ya iya rufe baki kafin ya iya buɗewa.

Inda muka bambanta da Turawa ba wajen gwaninta ba ne. Su sun mai da mai jira ma'aikaci, yana da suna a takardar shiri da kujerar da in ya bari za a gwada wasu a cike ta. Mu kuwa abincin ɗan amshi a hannun jagora yake: abin da aka samu a gidan biki ko a fada, shi ke rabawa. Wannan tsari yana da daɗinsa, akwai zumunci da amana a ciki waɗanda albashi ba ya saye. Sai dai ran da jagora ya kwanta dama, sau da yawa ƙungiya ta watse ke nan, in ba a sami ɗa ko ƙane da zai ɗauka ba. Shata ya rasu a 1999. Tambayi masu sha'awarsa goma a Kasuwar Barci ko Unguwar Sarki su faɗa maka sunan mai kalangunsa ɗaya, ka ga yadda za a yi ta kallon juna, alhali duk sun haddace kiɗan.

Kada a ce halin Bahaushe ne kawai. A Amurka gidan rediyon NBC ya tara gwanaye a 1937 domin mutum ɗaya, Arturo Toscanini, jagoran makaɗa ɗan Italiya. Shekara goma sha bakwai suna gigita masu sauraro. Da tsufa ya sa ya ajiye sanda a 1954, kamfanin ya sallami ƙungiyar. Makaɗan suka yi ta maza, suka ci gaba da kansu da sabon suna, har suka yi wasan farko babu kowa a tsaye a gabansu, amma zuwa 1963 abin ya mutu. Ta BBC, wadda aka gina a kan kujeru ba a kan mutum ba, ta canza shugabanni sama da goma, kuma saura kaɗan ta cika shekara ɗari.