Da Ɗan Gari Akan Ci Gari

Daga bakin mayaƙa wannan magana ta fito. Birni mai ganuwa ba ya faɗuwa da ƙarfin tuwo kawai, sai an sami na ciki, wanda ya san inda katanga ta zaizaye da lokacin da mai tsaron ƙofa ke gyangyaɗi. Yau ba mai ɗaura sirdi don kai hari, amma maganar ta sami sababbin masu ita: ɗan kasuwa, mai neman aure a wani gari, da wanda ya tashi takanas don buɗe ido a babban birni. Wannan na ƙarshen nake son dubawa, kuma ban ga garin da ke gaskata maganar kamar Zinder ba, wadda Hausawa suka fi kira Damagaram.

Bakanon da ya biyo ta Daura, ya tsallaka iyaka a Ɗan Barto, ya wuce Matamaye, zai sauka yana ganin gida ya zo: harshe ɗaya, tuwo ɗaya, kiran salla ɗaya. Nan tarkon yake. Ɗan kabu-kabu zai ce masa dala arba'in, shi kuwa bai san dala sefa biyar ce ba, jikka kuma dubu. In shi kaɗai ne, zai yini yana zaga kasuwar Dole da manyan tituna, ya ɗauki hoton ƙofar fada, ya sayi kilishi, ya koma gida ya ce ya ga Damagaram. Bangonta ya gani.

Garin na gaskiya yana cikin Birni, tsohuwar unguwar da lunguna ke murɗewa tsakanin manyan duwatsu, gidajen tubali na ɗauke da zankaye da zane a fuskar soro. A nan ne abokin tafiya ke nuna amfaninsa. Shi zai tsaya a ƙofar zaure ya yi sallama, ya ce, "Baba, baƙo na kawo daga Kano, yana son ganin soron kakanni." Dattijo ya ce, "Maraba da Kanawa, bismilla." Da waɗannan kalmomi ƙofar da kuɗi ba sa buɗewa ta buɗe. Shi zai taɓa ka ka cire takalmi kafin dogarai su yi maka magana, ya raɗa maka wanda ake fara gaisarwa a fada. Shi kuma zai tsayar da kai gaban wani tudun ƙasa da za ka wuce ba ka kula ba, ya ce ragowar ganuwar Tanimun ce, sarkin da ya riƙe Damagaram daga 1851 zuwa 1884, ya sa maƙeransa suka ƙera igwa, ya ɗaga ƙasar da ke ƙarƙashin Barno har maƙwabta suka riƙa shakkarta.

Sai dai akwai tambayar da karin maganar ba ta amsa ba: wane ɗan garin? Ɗan Birni zai cika maka kunne da sarauta da hawan salla. Ɗan Zango, unguwar da ayarin Abzinawa da fataken Gadamas ke sauka a da, zai ce arzikin garin a bayan raƙumi ya shigo, fada haraji kawai ta karɓa. Ka tambayi Badamagare yaƙin da sarkinsu Amadu Kuran Daga ya kai wa Kano zamanin Sarki Alu, za ka ji labarin da ya sha bamban da wanda kakarka ta ba ka. Duka ka saurara, kowanne ya riƙe gefen tabarmarsa ne.

Ga kuma kunya. Ɗan gari mai masauki ne, ba ya son baƙo ya ga inda gida ke yoyo. Ba lalle ya nuna maka jerin jarkoki a bakin famfo ba, alhali ƙarancin ruwa tsohon ciwon Zinder ne, yana ma cikin dalilan da ake bayarwa na ɗauke babban birnin Nijar daga nan zuwa Yamai a 1926. Da wuya ya bi da kai Kara-Kara, unguwar da aka ware wa kutare tun da daɗewa. Aicha Macky, wadda ta fitar da fim a kan samarin unguwar a 2021, ita ma 'yar Zinder ce, amma sai da ta nemi 'yan ciki kafin ta shiga. Don haka nake ganin baƙo ma yana da aikinsa. Wanda ya girma yana wuce abu kullum ya daina ganinsa, tambayar baƙo ce ke sa shi ya tsaya, wani lokaci har ya ce, "Wallahi bari mu tambayi tsofaffi."

Tsohuwar ma'anar karin maganar, wato ta yaƙi, ita ma ta faru a garin nan. A 1898 kaftin ɗin Faransa, Cazemajou, ya iso da tafintansa, bai fahimci abin da fada ke ƙullawa ba, aka kashe su. Shekara ta gaba Faransawa suka dawo, suka yi galaba a Tirmini, suka shiga birni. Bindiga ta ba su garin, amma riƙe shi sai da na ciki: suka naɗa Amadu ɗan Bassa daga gidan sarautar, suka jingina da attajirin Zango, Malam Yaro, kuma da suka tuɓe sarkin a 1906 bisa zargin makirci, Ballama, bawan fada, suka ɗora a kan mutane.

Akwai wani yaro da ya ɗanɗana maganar ta fuska biyu. Dorugu, haifaffen Dambanas kusa da Kance a ƙasar Damagaram, an kama shi bawa yana ƙarami, aka 'yanta shi, ya shiga ayarin Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim. Tare suka sauka Zinder a ƙarshen 1852, suka nausa har Tambutu, yaron na cikin masu yi wa Bature hidima a ƙasashen da Baturen ne baƙo. A 1855 reshe ya juya da mujiya: Barth ya tafi da shi Landan, inda Dorugu ya zama mai kallo, Turawa suka zama masu nuna hanya. Abin da ya gani a titunansu da teburin cin abincinsu ya ba da labarinsa da Hausa, wani ɗan mishan, Schön, ya rubuta, aka buga cikin Magana Hausa a 1885. Dorugu ya dawo ƙasar Hausa, ya yi aiki a makarantar Baturen nan Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, a can ya rasu a 1912.