Ja da Baya ga Rago: Tsoro Ne Ko Shiri?

A garin Awe, garin gishiri a Jihar Nasarawa, kamar sauran garuruwan da Hausawa suka daɗe da zama, ba a rasa gindin bishiyar da dattawa ke haƙa gurabe talatin a ƙasa bayan la'asar domin buga dara. Kowane ɗan wasa yana riƙe da 'ya'ya goma sha biyu, kuma kafin a fara ci sai an gama dasa su ɗaya bayan ɗaya. Masana wasan kan ce tun a wurin dasawar ake cin mutum, abin da ke biyo baya kwasar ganima ce kawai.

A irin wannan majalisa ce wani ɗalibinmu da ya zo hutu gida ya nuna mana darar Turawa a cikin wayarsa, wadda Larabawa ke kira shaɗaranji. Kukansa shi ne, duk sa'ad da ya riƙe Fari ya buɗe wasa, abokan karawarsa da amsa iri ɗaya suke tarbarsa, shi kuma ya rasa ta inda zai ɓullo mata. Mun ga tambayar tasa ta wuce allon wasa, don haka za mu ɗan yi tsokaci a kanta.

A wannan wasa allo gida sittin da huɗu ne, kowane ɓangare yana da mayaƙa goma sha shida, kuma Fari ne ke farawa. Sau da yawa yakan tura dakaren da ke gaban sarki gida biyu, domin ya mallaki tsakiyar fili. Maimakon Baƙi ya tare shi gaba da gaba, sai ya tura wani dakare daga gefen sarauniya, ya yi wa tsakiyar kwanton ɓauna. Wannan amsa ita ake kira Kariyar Sisiliya, da sunan wani tsibiri na Italiya. Tana cikin rubutun Giulio Polerio na shekarar 1594, kuma a yau tana sahun gaba cikin amsoshin da manyan 'yan wasa ke bayarwa.

Hanyoyi biyu ne a gaban Fari. Ta farko ita ce buɗaɗɗiyar hanya: ya fito da doki, ya ba da dakarensa na tsakiya a musanya da na gefe, ya sami saurin fito da mayaƙa, amma ya shiga dajin da Baƙi ya yi shekaru yana haddace lungunansa. Ta biyu kuwa kaucewa ce, alal misali ta hanyar da ake jingina wa Semyon Alapin, inda Fari ke gina tsakiyarsa sannu a hankali, ya hana abokin karawa fagen da ya saba. Tambayar ita ce: wanda ya kauce, matsoraci ne ko mai hankali?

Bari mu dubi abin da ya sami manya. A watan Nuwamba na 1985, a birnin Mosko, Anatoli Karpov ya shiga wasa na ashirin da huɗu, wato na ƙarshe, yana bukatar nasara domin ya riƙe kambinsa na zakaran duniya. Yana riƙe da Fari, Gari Kasparov ya amsa masa da Sisiliya, shi kuma ya bi buɗaɗɗiyar hanya ya kai farmaki. Karpov mutum ne da aka sani da haƙuri da matse abokin karawa a hankali, amma larura ta tura shi fagen gaba-gaɗi. Dara ta ci gida, Kasparov ya zama zakara yana ɗan shekara 22. A 2018 kuma, a Landan, Fabiano Caruana na Amurka ya fuskanci wannan kariya daga hannun Magnus Carlsen na Norwe. A wasanni uku na farko da ya riƙe Fari ya kauce, a ukun ƙarshe ya buɗe fili. Duka shidan canjaras aka tashi. Ke nan allon kansa bai yanke hukunci ba; babu hanyar da ta zo da takardar lamunin nasara.

Tun da haka ne, amsar tana wurin mai zaɓin. Bahaushe kan ce ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. To amma ragon da ake nufi shi ne wanda ya ja baya ya dawo da karo. Wanda ya ja baya ya zarce gida, wannan wani sunan gare shi. Abin da ya raba su ba ya bayyana a takun farko, sai a niyya da abin da ya biyo baya.

Tarihin Awe ma ya ishe mu misali. Fatake daga Kano da Katsina sun yi ta takowa zuwa Awe da Keana domin gishirin da mata ke tacewa su dafa. Madugu uban tafiya, in ya ji labarin 'yan fashi a gajeriyar hanya ya karkata ayari zuwa doguwa, babu mai kiransa matsoraci, domin dukiya da rayukan da ke bayansa amana ce. Amma saurayin da ke son wata rana ya zama jagaba, in bai taɓa yarda ya taka hanya mai wuya ba, da me zai ja wasu? Madugun ya kauce ne bayan ya san hanyoyin biyu. Saurayin yana kaucewa ne don kada ya sani.

Wannan shi ne abin da ke damunmu a matsayinmu na malamai. Shekara bayan shekara muna ganin ɗalibai masu basira suna zuwa zaɓen batun kundin kammala digiri, su tsallake waƙoƙin ƙarni na sha tara saboda wahalar karanta ajami, su guje wa nazarin karin sauti saboda yana bukatar kunne da haƙuri, su rungumi batun da aka riga aka tattake. Mu ma ba mu tsira ba: sau nawa muka maimaita darasin bara domin sabon littafi zai ci mana dare? Dukkanmu muna kiran abin da muka yi hikima, alhali sau da yawa lalaci ne ya ari rigarta. Asarar ba ta tsaya kan maki ba, domin fannin da kowa ya kauce masa mutuwa yake yi, kuma jama'ar da ta rasa masu karanta ajami ta yanke hulɗa da kakanninta.

Ba muna cewa kowa ya faɗa kowane rami ba ne. Wanda ya san gajiyawarsa ya auna ta da gaskiya ya fi wanda girman kai ya jefa shi inda ba zai fita ba, kuma kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Abin da muke cewa shi ne, kaucewa haƙƙin wanda ya san abin da yake kauce wa ne. A lokacin koyo, sa'ad da faɗuwa ba ta cutar da kowa sai girman kanmu, buɗaɗɗiyar hanya ta fi cancanta. A lokacin da amanar wasu ke wuyanmu, mu zaɓi fagen da muka fi ƙarfi, ba tare da jin kunya ba.

Shawarar da muka ba ɗalibin nan ke nan: ya buɗe fili, ya sha kaye sau ɗari, ya koyi dajin. In ya so bayan nan ya kauce, zaɓi ya yi. Wani dattijo da ke sauraronmu yana share gurabensa ya ce shi dai bai san wasan Turawa ba, amma a dara bai taɓa ganin gwanin da ba a cinye shi tun yana yaro ba. Daga nan ya miƙa wa yaron tsinke goma sha biyu, ya ce ya fara dasawa.