Turmi Ma Yana Da Salsala

Wata Talata na raka Innata kasuwar Mafara sayen turmi. Jikanyarta za a kai ɗaki, ta kuma ce ba za ta aiki yara su kwaso mata duk abin da idonsu ya faɗa a kai ba. Muka ratsa 'yan shinkafa da 'yan albasa har muka isa wurin masassaƙa, inda turame ke jere, wasu a tsaye wasu a kife, ga taɓare an jingina su kamar sandunan makiyaya. Inna ta ɗauki taɓarya ta ƙwanƙwasa wani turmi ta saurari amonsa, ta leƙa cikinsa, ta shinshina.

"Malam, wanga turmi wane icce ne?"

"Ƙirya ce, Hajiya. Sai dai jikokinki su gaje shi."

"Ƙiryar ina?"

Mai turmi ya yi dariya. "Hajiya, saye za ki yi ko aure za ki ba shi, da kike tambayar asali?"

"Ai ɗakin aure za shi," in ji Inna. "Dole in san gidansu."

Bai iya faɗa ba. Shi dai wata mota ta sauke masa gumagumai, ya biya, ya sa gizago. Inna ta yi masa sallama ta matsa gaba wurin wani dattijo. Shi kuwa ko gezau bai yi da tambayar ba. Ya ce iskar farkon damina ce ta kayar da itaciyar a wata gona kan hanyar Bakura, ya saye ta hannun mai gonar a gaban mai unguwa, ya bar ta ta sha iska, ya fitar da turmi uku, wannan ne na ƙarshe. Kuɗinsa ya ɗara na wancan. Inna ta taya sau ɗaya don kada a ce ba ta taya ba, ta kwance bakin zane ta biya.

A hanya na tambaye ta dalili. Ta ce icen da aka sara a gurguje ɗanye ake sassaƙa shi, hunturu ɗaya ya ishe shi tsagewa. Ta yi shiru kaɗan, ta ƙara da cewa: "Kuma ba a daka wa ɗiyan mutane abinci cikin kayan sata."

Hanyar fita ta bi da mu ta kara. Nan na lura da abin da na sha gani ban taɓa auna shi ba. A kara babu mai dariya idan an tambayi asalin saniya. Wa ya kawo ta? Wane dillali ya san shi? Daga wane ruga? Ina takarda? Satar shanu ta koya wa kowa a ƙasar Zamfara cewa wanda aka kama da saniyar sata ba ya kuɓuta da cewa saye ya yi. Saniya tana da mai ita, zai bi sawu, zai gane ta da kamanni ko da lalas ɗin da ke jikinta. Taku ɗari tsakanin kara da rumfar masassaƙa, amma tambayar da ta zama wajibi a can ta zama abin ba'a a nan.

Alhali mu mutanen salsala ne. Ba ma ba da aure sai an binciki gida. Wanda ya zauna gaban malaman hadisi ya san ba a karɓar magana don daɗinta. Sai an ji wa ya faɗa, daga wa ya ji, har a tuƙe ga tushe. Mutum ɗaya ya ɓace a tsakiya, ko a san shi da ƙarya, maganar ta raunana ko da sauran duk amintattu ne. Ice kaɗai muka yafe wa wannan bincike, don mun ɗauka na Allah ne a daji, ba shi da mai shi.

Mutumin Bakolori bai kamata ya yarda da haka ba. An fara ginin madatsar ruwan Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1974, kamfanin Impresit na Italiya ya kammala ta a 1978. Tafkin ya shanye gonaki da ƙauyuka a ƙasar Maradun, mutane wajen 13,000 suka tashi. Daga ƙasa kuma, a filin noman rani na hekta 23,000 da ya shimfiɗu ta Mafara da Bakura, katafila ta baje ƙasa ta tuge itatuwa. A lokacin ne aka gane cewa kowace ɗorawa da kowace tsamiya tana da sunan wani a jikinta. Wata ita ce miyar gida, wata ita ce iyaka tsakanin gona da gona. Rigimar diyya, ta ƙasa da ta itatuwan amfani, ita ta kai manoma ga tare hanyoyin aikin, har 'yan sanda suka buɗe musu wuta a watan Afrilun 1980. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai suka mutu, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa ne. Ƙasar da aka zubar da jini a kan lissafin gona da ice ta san cewa ice yana da mai shi.

Abin da Inna ta yi da baki, shi manyan kasuwannin katako na duniya ke ƙoƙarin yi da takarda da na'ura. Tsarin bin sawun katako daga kututture yake farawa. Kafin a sara, malamin daji ya shiga ya ƙidaya itatuwan da aka yarda a sare, ya ba kowace lamba. Bayan an kayar, lambar nan ta zauna a kututture ta kuma zauna a gungume, a buga masa guduma mai hatimi, a auna tsawo da kauri. Direba ya riƙe takardar da ta faɗi yawan gumagumai da lambobinsu da inda za su. A injin tsaga katako a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, don gungume goma ba sa haifar katakon gungume talatin. In sun haifa, an yi algus. Yanzu ana liƙa wa gungume alamar da waya ke karantawa, wayar ta ajiye daidai wurin da aka sare shi a taswira. In shakka ta taso, ɗakin gwaji yana duba ƙwayar halittar icen, ko sinadaran da ya sha daga ƙasa da ruwan inda ya girma, ya ce wannan ba daga dajin da takarda ta ambata ya fito ba.

Masu saye ne suka matsa aka yi haka. A 2008 Amurka ta faɗaɗa dokarta ta Lacey, ta mai da shigo da icen da aka sara ba bisa dokar ƙasarsa ba laifi. A 2016 kamfanin Lumber Liquidators ya biya sama da dala miliyan 13 saboda katakon da aka saro a gabashin Rasha aka yi ƙarya a kan asalinsa. Tarayyar Turai ta fara aiki da tata dokar a 2013, a 2023 kuma ta zartar da wata da ke neman a nuna ainihin filin da ice ya fito. Hikimar duka ɗaya ce da ta kara: in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Sai dai mu a Nijeriya mun ga yadda takarda ke zama rigar ɓarawo. Madobiya, wadda makiyayi ya sani da ganyen da yake sassaɓo wa shanu da rani, ita ce icen da masu kujeru da gadajen alfarma a Sin suka yi wa caa. Suka cinye ta a Gambiya da Benin, suka juyo Nijeriya, dazuzzukan Kogi da Taraba da Adamawa suka sha zarto. Daga Janairun 2017 madobiya ta shiga jerin da yarjejeniyar CITES ta ce ba a fitar da su daga ƙasa sai da izinin da ke tabbatar da halaccinsu. Kwantenoni suka maƙale a tashoshin jiragen ruwan Sin babu izini. A Nuwamban shekarar, wata ƙungiyar binciken laifukan muhalli mai suna EIA ta fitar da rahoto cewa an ba da takardun izini wajen 4,000 bayan kayan sun riga sun bar ƙasa, aka wanke gumagumai miliyan 1.4 masu darajar dala miliyan 300. Hukumomin da abin ya shafa sun musanta aikata ba daidai ba. Duk da haka, a 2018 CITES ta dakatar da cinikin madobiya daga Nijeriya. A 2022 aka ƙara maɗaci da kawo cikin jerin masu neman izini.

Abin lura a nan shi ne takardun na gaske ne, da hatimi da sa hannu. Abin da babu shi ne kututture. Kamar a yanka saniya a ci, a sayar da fata, sannan a je neman shaidar dillali. Salsalar da aka fara rubutawa daga tashar jirgin ruwa ana komawa baya, ko almajirin shekara ɗaya ya san sunanta ƙage. Na'ura ba ta gyara wannan, don abin da aka faɗa mata a daji shi za ta maimaita a birni.

Misalin da ya fi kama da rayuwarmu yana maƙwabta. A 1992 Nijar ta yi dokar da ta kafa kasuwannin ice na karkara, irin waɗanda ke kewaye da dajin Baban Rafi a kudancin Maraɗi. Ƙauye ke riƙe da yankin dajinsa, a ƙayyade masa abin da zai sara a shekara, mai mota ya zo ya saya a wurinsu ya karɓi takardar da ke nuna irin dajin da icen ya fito. Harajin icen dajin da ake kula da shi ya fi sauƙi, na inda aka sara barkatai ya fi tsada, wani kaso kuma ya zauna a ƙauyen. Tsarin yana da ramuka, musamman a shingayen shiga birni. Amma ya kama bakin zaren: mutumin farko a salsalar shi ne wanda zai yi asara in dajin ya ƙare, don haka ba shi da sha'awar yin ƙarya a kan kututture.

Mu kuwa dazuzzukanmu, Sububu da Rugu da Kuyambana, sun zama inda malamin daji ba ya iya sa ƙafa. Motar da ta fito da ice ko gawayi daga irin waɗannan wurare, wa ya ba ta hanya, me ta bari a can? A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Katsina ta hana manyan motoci ɗauko ice daga daji, a cikin umarni ɗaya da ya hana fitar da shanu zuwa wasu jihohi. Saniya da gungume suka haɗu a takarda ɗaya, don hanya ɗaya suke bi.

Na san abin da wani zai ce, kuma da gaskiyarsa. Duk sabuwar takarda a ƙasar nan sabon shinge ce, sabon shinge kuma sabon na goro. Matar da ta ɗauko ƙirare a ka, da mai jaki da kaya ɗaya, su za a fara tarewa, tirela ta wuce da fitila a kunne. Shi ya sa ba daga shinge nake so a fara ba, kuma ba da mai ƙirare ba. A fara da masu saye da yawa: mai gidan burodi, ɗan kwangilar da ke rufin azuzuwa da kuɗin gwamnati, dillalin gawayi, 'yan katako daga Gusau har Na'ibawa a Kano. Ƙungiyarsu ta ajiye littafi kamar na kara: wa ya kawo, daga ina, wa ya shaida. Gwamnati ta daina biyan kuɗin benci da azarar da ba a san dajinsu ba. Mai unguwa da sarkin noma sun san kowace gawo da kowace giginya a ƙasarsu; shaidarsu a kan kututture ta fi hatimin wanda bai taɓa barin ofis ba. Wannan bai buƙatar tauraron ɗan Adam. Dattijon da ya sayar wa Inna turmi bai iya boko ba, amma ya kawo salsalarsa cikin numfashi ɗaya: iska, mai gona, mai unguwa, shi.

Turmin yana Maradun yanzu, ana daka a cikinsa safe da yamma, bai tsage ba. Ni kuwa da na koma gida daren nan na tsaya a bakin ƙofar ɗakina, wadda na yi alfahari da jan katakonta ranar da kafinta ya kafa ta. Na san kuɗinta har da na ƙusa. Na shafa ta, na yi mata tambayar Inna, na tarar ban san gidansu ba.