Keke a Gaɓar Kogin da Ya Ƙafe

Akwai wani birni a jihar Arizona ta ƙasar Amurka mai suna Tucson, wanda yake zaune cikin hamadar Sonora, ba nisa da iyakar Meziko. Ruwan saman da yake samu a shekara bai kai santimita 30 ba, zafin watan Yuni kuwa yakan haura digiri 38, har a 1990 ya taɓa kai 47. Koguna sun ratsa birnin, manyansu su ne Santa Cruz da Rillito, amma yawancin shekara babu kome a cikinsu sai rairayi. A kan gaɓar waɗannan busassun koguna aka shimfiɗa wata hanya ta kwalta mai tsawon fiye da kilomita 200, wadda aka gama haɗa zagayenta a 2018, ba a kuwa yarda mota ta hau ta ba. Kowace safiya akan ga mutane bisa kekuna suna binta zuwa wurin aiki, waɗansunsu kuwa suna da mota a gida, sun bar ta da gangan.

A wurinmu, in aka ga mai mota ya koma hawan keke, sai a fara raɗa cewa ya karye. Don haka tambayar ta cancanci a yi ta: mutumin da ya zaɓar wa kansa zufa da gajiya alhali yana da hanyar hutu, wane alheri ya aikata? Ko kuwa wauta ce kawai da aka yi wa ado?

Kafin mu amsa, ya kamata mu san yadda kogin ya mutu, gama dā ba haka yake ba. Sa'ad da Fada Eusebio Kino ya iso wurin a 1692, ya tarar da mutanen O'odham suna noma da ruwan Santa Cruz, a nan ne kuma daga baya aka gina majami'ar San Xavier del Bac da take tsaye har yau. Amma da birnin ya girma, aka yi ta haƙa rijiyoyi ana zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa da injuna domin gonaki da gidaje, har ruwan ya nutse nesa, kogin ya daina gudu kafin tsakiyar ƙarni na 20. Ba mutum ɗaya ya kashe shi ba. Kowa ya ɗebi ɗan abin da yake bukata, kowa kuma yana da gaskiya in ya ce nasa bai taka kara ya karya ba. Ita hanyar kekunan ma daga masifa ta fito. A watan Oktoba na 1983 aka yi babbar ambaliya da ta cinye gaɓa, ta rushe gine-gine, sai hukumar gundumar Pima ta ƙarfafa gaɓar da siminti gauraye da ƙasa. Mutane suka fara tafiya a kai, daga nan aka mai da ita hanya.

To, mai gardama zai ce: keke ba zai dawo da kogin ba. Gaskiyarsa. Man fetur ɗin da mutum ɗaya ya ƙi ƙonawa ba zai sanyaya hamada ba, ba zai kuwa ƙara ko ɗigo a rijiya ba. Sai dai wannan ita ce ainihin hujjar da ta ƙafar da kogin, an juya ta ne kawai. In “nawa kaɗan ne” bai wanke masu zuƙar ruwa daga alhakin kogin ba, to, ba zai zama dalilin raina mai keke ba. Ba daidai ba ne mu ƙidaya ƙananan ayyuka sa'ad da suka yi ɓarna, mu ƙi ƙidaya su sa'ad da suka nufi gyara.

Gardama ta biyu ta fi wannan nauyi, ni kaina ta fi damuna. A kan wannan hanya akwai mutum biyu masu kama da juna daga nesa. Ɗaya yana da keke mai tsada da hular kwano da gorar ruwan sanyi, in rana ta yi tsanani gobe zai ɗauki motarsa. Ɗayan kuwa keke ne kaɗai abin hawansa, in taya ta yi faci zai makara, in ya makara za a rage masa lada. Na farko ana yaba masa, na biyu ba wanda ya taɓa ce masa sannu da kishin duniya, ko da yake shi ne ya fi daɗewa a kan sirdi. Wahalar da mutum zai iya ajiyewa duk lokacin da ya ga dama ba ɗaya take da wadda aka ɗora masa ba, wanda kuma ya manta da wannan bambanci, kekensa ya zama masa rigar fahariya. Har yakan soma duban masu mota da raini, bai san ko tsohuwa ce a ciki ba, ko uwa mai kai yara uku makaranta.

Duk da haka ban yarda cewa zaɓin banza ne ba, dalilina kuwa shi ne abin da keke yake yi wa idon mai shi. Wanda ya haye gada cikin mota, gilashi a rufe, na'urar sanyi tana aiki, yakan wuce kogin cikin daƙiƙa kaɗan, zai iya yin shekara ashirin a birnin bai taɓa tunanin inda ruwan famfonsa yake fitowa ba. Alhali kuwa yawancinsa daga kogin Colorado ake jawo shi, ta wata magudana mai tsawon kilomita 540. Mai keke ba shi da wannan damar mantuwa. Yana jin ƙishi a maƙogwaronsa, yana kallon rairayin sa'a guda kowace rana. Yana ganin randa ruwan damina ya sauko a Yuli ko Agusta, kogin ya cika ya yi ruri, bayan kwana kaɗan ya koma kamar ba a yi ba. Yana kuma wucewa dab da marasa gida da suke kwana a ƙarƙashin gadoji da cikin kwazazzabai, kusa ƙwarai har ido yakan haɗu da ido. Abin da mutum ya sani ta wannan hanya yana da wuyar musu, kuma randa aka kawo maganar ruwa ko ta matsuguni a gaban jama'ar gari, ba zai iya cewa bai gani ba.

Amma gani ba ya tilasta kowa. Mutum yana iya wuce mai kwana a ƙarƙashin gada sau ɗari uku a shekara, ya saba da shi kamar yadda ya saba da turakun gadar. Keke yana da birki kamar mota, tsayawa kuwa ta fi sauƙi a kansa, sai dai hannu ne yake matsa birkin.

A ranar 24 ga Yuni, 2019, ranar idin Yohanna Mai Baftisma, wadda mutanen Tucson suka daɗe suna haɗawa da roƙon ruwan damina, hukumar ruwan birnin ta fara sakin ruwan da aka yi amfani da shi aka tace cikin Santa Cruz, kusa da tsakiyar gari. Ba kogin Fada Kino ba ne, ɗan siririn ruwa ne mai tafiya kaɗan ya nutse. Ciyawa ta tsiro a bakinsa, kwaɗi da tsuntsaye suka dawo, hanyar kekunan kuwa ta bi ta gefensa.