Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya

Duk wanda ya taɓa jan guga da ƙishirwa ya san hannu ba ya ƙarfi idan maƙogwaro ya bushe. Abin da magabata ke nufi ke nan: kafin ka jawo na waje, sai kana da ɗan abin da ke riƙe da kai.

Ƙananan ƙungiyoyin unguwa irin na Gidan Igwai a Sakkwato, masu kula da marayu ko biya wa marasa galihu kuɗin magani, yawancinsu da azumi suke numfashi. Masu hali su buɗe hannu, a sayi gero da shinkafa da kayan sallah, a raba tas, a sa hoto a Facebook. Kafin babbar sallah, asusu ya koma wayam. Ma'ajin da ya ce a ware wani kaso a ajiye, sai ka ji ana ƙus-ƙus, wai yana son cin dukiyar marayu. Ni kuwa a ganina ya fi kowa tausayinsu.

A 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya cire tallafin fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba, sai ta haura 500 cikin kwanaki. Masu bayarwa suka ja hannu daidai lokacin da masu nema suka ƙaru. A Janairun 2025 kuma Amurka ta dakatar da tallafin USAID, hukumar da ta daɗe tana aikin lafiya da ilimi a jihar Sakkwato.

Har shi mai kawo tallafin ba ya zuba kuɗi hakanan. Zai tambayi rajistar CAC, hukumar yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, da asusun banki da sunan ƙungiya (ba na shugaba ba, don Allah), da littafin shiga da fita na shekarun baya. Kowanne kuɗi yake ci, kuma ba wanda zai biya muku.

Shi ya sa karo-karon wata-wata na 'yan ƙungiya, ko da naira 500 ne, ya fi kyautar ɗan siyasa ta shekarar zaɓe. Ƙungiyar da ta sayi rumfuna da kujerun haya na biki, ko aka yi mata wakafin shago ɗaya a Tsohuwar Kasuwa, tana iya biyan kuɗin makarantar maraya a watan Satumba ba tare da ta jira azumi ba.